Ta Shiga Dai, Amma Tana Aiki? Ire-iren Masu Gwaji a Ƙasar Kurfai

Ba a taɓa ganin Bakurfe ya sayi bijimi a kasuwar Lahadi ta Filinge bai buɗe bakinsa ya duba haƙora ba, ko da an rantse masa jinin Azawak ne daga garken Tukunus. Amma mutumin nan, in aka girka masa manhaja a waya, sai ya jefa ta aljihu ya kama hanyar Sanam.

Kowace manhaja a kan aro take tsaye. Wadda ke aika kuɗi, da KoboCollect ta masu tattara bayanai a ƙauyuka, duk suna jingine da laburare, wato guntayen aiki da wasu suka riga suka rubuta: wannan na lissafin kwanan wata, wancan na ɗaukar hoto, wani na gano inda kake tsaye. Girkawa kwafar su ce kawai zuwa cikin na'ura. Ko za su jitu da juna, sai gwaji ya faɗa. A nan ne halin kowa ke fitowa.

Na farko shi ne Mai Ta-Shiga. Da layin girkawa ya cika ɗari bisa ɗari, shi ke nan, ya yi hamdala. Wansa na Yamai, wanda ya yi karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, shi ma haka yake: ya girka laburaren pandas a kwamfuta, ya ga saƙon an kammala, ya rufe. Layi ɗaya tak zai rubuta a Python ya kira laburaren ya ji ko zai amsa, amma ina, shayi ya nuna. Sai ranar miƙa rahoto ake jin salatinsa.

Na biyu Mai Leƙe. Shi yana gwaji, a ganinsa. Ya taɓa manhaja, tambarinta ya fito da launi mai kyau, ya ce, "Madalla, tana yi." Bai cika fom ko ɗaya ba, bai adana ba, bai aika ba. Masu rubuta manhaja ma suna da irin wannan leƙen, inda ake sa na'ura ta buga gaisuwa ga duniya, al'adar da littafin Kernighan da Ritchie na 1978 ya yaɗa. Sai dai su sun san sallama ce kawai, zance na gaba.

Na uku Ɗan Gindin Antena. Wannan yana gwada komai tsaf, amma a tsakiyar Filinge, inda rezo ya cika ya batse. Aikin kuwa a rugar da ke bayan tudu za a yi shi, inda sai an hau bishiya kafin saƙon murya ya tafi. Can ne zai gano taswirar ba ta sauka cikin wayar ba, kallon ta kawai yake ta intanet. Da ya kashe data na minti biyu tun yana gari, da ya huta da kuɗin kabu-kabu na zuwa da dawowa.

Na huɗu Alhaji Gwajin Gaske. An sa masa manhajar aika kuɗi, yaron shago ya ce, "Baba Alhaji, a fara da dala ɗari mu gani." Ya harare shi: "Ni zan aika dala ɗari? Mi mutane za su ce?" Ya danna jika hamsin, kuma lamba ɗaya ta kauce. Yanzu akwai wani bawan Allah a can wajen Tawa da ke yi masa addu'a dare da rana, wayarsa a kashe.

Na biyar Oga A-Tawa-Tana-Yi. Shi ne mai gyara, kuma amsarsa ɗaya ce ga kowane kuka. Gaskiyarsa, a tasa tana yi. Tasa sabuwar Tecno ce, taka tsohuwar Itel ce da Android ɗinta ya tsufa, manhajar kuma ta Xender ya tura maka ita daga wayar da cikinta ya bambanta da naka. Laburaren da aka haɗa don wani irin injin waya ba lallai ya tashi a wani ba. In ka matsa, sai ya ce a goge komai a sake, ya manta hotunan sunan ɗanka na ciki.

Na shida Mai Gado. Hujjarsa: "Ai bara ma da ita muka yi aiki." Kada a yi masa dariya da yawa, yana da manyan 'yan'uwa. Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai Ariane 5 ta tashi daga Kourou ta tarwatse cikin kimanin daƙiƙa 40. An ɗauko manhajar da ta yi aiki lafiya a Ariane 4 aka ɗora mata, ba a gwada ta da hanyar tashin sabuwar ba. Sabuwar ta fi gudu, wani adadi ya fi ƙarfin gurbin da aka tanadar masa, na'urar ta rikice, taurarin ɗan'adam huɗu suka bi iska.

Na bakwai Mai Sabunta Daren Tafiya. Komai na aiki, an gwada, an shirya jaka. Sai ya ga an ce akwai sabon zubi, hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Da asuba manhaja ta ƙi buɗewa, mota na hon a ƙofar gida. Ranar 19 ga Yuli 2024 wani sabon zubi na kamfanin CrowdStrike ya kwantar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, jiragen sama suka zauna a ƙasa. Nasa ya fi sauƙi: mutum shida kawai ya hana aiki.

Na takwas Malam Ba-Laifina-Ba. Shi ba ya gwaji, sai bayani. In ta ƙi, rezo ne. In rezo na nan, hazo ne. In sama ta washe, to akwai wanda bai so ya samu aikin nan ba, kuma ya san ko wane ne.

Akwai kuma kishiyarsu duka, Mai Gwaji Har Mahadi. Ya danna kowane maɓalli sau bakwai, ya goge ya sake girkawa don ya tabbata, har batir ya mutu. Mai cajin sola ne kaɗai ke son sa.

Ta ƙarshe ita ce wadda ba a ba da labarinta, don ba abin da ke faruwa da ita. Malamar asibiti ce ko mai sayar da ƙuli-ƙuli. Kafin ta bar shago sai ta ce, "Tsaya, ɗana." Ta kashe data, ta cika fom na ƙarya, ta adana, ta kashe wayar ta kunna, ta duba ko yana nan, ta aika, ta kira wanda aka aika wa ta ji daga bakinsa. Mai shago na tsaki, masu jira na gunaguni, Alhaji na cewa mata sun cika bincike. Minti goma ke nan. Sauran kuwa, Lahadi mai zuwa za ka same su a layi gaban shagon, kowa da wayarsa a hannu, suna zagin rezo baki ɗaya.