Zuwa ga Littafin Hukou na Rajistar Iyali, Sarkin Takardun Ƙasar Sin

Ranka ya daɗe,

 Ina fatan jan bangonka bai koɗe ba.

Tun 1958 kake kan gado, ga ka ɗan mitsitsi, aljihun riga ma ya ishe ka. Amma yaron da ba ka rubuta ba, ko kukansa ya hana unguwa barci, a wurin hukuma ba a haife shi ba. Ba makarantar gwamnati, ba katin shaida, in ya girma ko aure ba za a yi masa rajista ba. Har suna aka raɗa musu, wai baƙaƙen yara. Ƙidayar 2010 ta tarar da mutum kusan miliyan 13 da ka kau da kai daga gare su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ranka ya daɗe, shi ne wahalar da ka ba alƙalan Ostareliya. An haifi Chen Shi Hai a 1996 a sansanin tsare baƙin haure na Port Hedland, iyayensa ba su da izinin aure, balle na haihuwa. Kotun duba ƙarar 'yan gudun hijira ta yarda yaron zai sha wuya in an kai shi ƙasar Sin, sai dai ta ce ai ba da ƙiyayya za a yi masa ba. Sai a 2000 Babbar Kotu ta ce hana yaro abinci da magani da karatu zalunci ne, ko da murmushi aka yi shi. Kusan shekara huɗu manya masu digiri suna musu a kan jariri!

Na ji an ce ka tuba. An soke dokar ɗa guda daga 2016, aka ce a rubuta kowa, a 2021 aka kai 'ya'ya uku aka yafe tara. Yanzu har yuwan 3,600 ake ba iyaye a shekara. Mai duba ƙara a Sidni ya karanta wannan, ya buga hatimi, ya ce wani iyali mai neman mafaka su tattara komatsansu su koma Sin. To amma shi Beijing ya karanta. Uwar kuwa, gaban tagar rajista a ofishin 'yan sanda na wani ƙauyen Fujiyan za ta tsaya, da takardar haihuwa ta Turanci da yaron da ba ya jin yaren kakarsa.

Don Allah ranar, ka buɗe shafi ba tare da an ce ta dawo gobe ba.

Naka mai biyayya,
Wani da aka haifa ba izinin kowa