Yadda Ake Zaɓen Malamin JAMB na Intanet a Rabu da Kuɗi Cikin Mutunci

Da zarar hukumar JAMB ta buɗe rajista a farkon shekara, sai wayar duk magidancin da ke da ɗa a aji shida na sakandare ta cika da malamai. Bai neme su ba, su suka neme shi. Suna Facebook, suna TikTok, suna cikin zauren WhatsApp na dangi, inda a da sanarwar biki da ta rasuwa kaɗai ake turawa. Kowannensu ya sha kwat, ya tsaya gaban farin allo, yana rantsuwa cewa a hannunsa yaro zai ci maki 300 ko da ya manta inda ya ajiye littafinsa na Kemistiri. Uban da ya ƙudura niyyar yin asara bai kamata ya yi ta a hargitse ba. Ita ma tana da ƙa'idojinta.

Da farko ya nemi wanda alkawarinsa ya fi kauri. Mai cewa 250 ƙaramin alhaki ne, a wuce shi. A nemi mai 350, in kuma Allah ya haɗa shi da mai 400 cif, ya riƙe shi hannu bibbiyu. Kada ya ɓata wa kansa rai da alƙaluma. Ina ruwansa da cewa a jarrabawar 2025, cikin kusan mutum miliyan 1.95 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba a sakamakon da aka fara fitarwa? Waɗanda suka kai 300 ko suka haura 12,414 ne, wato ko mutum 1 cikin 100 ba su cika ba. A 2024 kuwa, makin da ya fi kowanne a faɗin ƙasar 367 ne. Duk da haka malamin TikTok ɗalibansa kaf 'yan 340 ne, ga hotunan takardar sakamako yana jerawa. Hoto kuma ai ba ya ƙarya, sai dai a 2023, lokacin da wata ɗaliba a jihar Anambra ta nuna takarda mai maki 362, aka yi ta yi mata tafi har da alkawarin tallafin karatu, daga baya ya tabbata 249 ta ci. In yarinya da wayar hannu ta iya haɗa wannan, mai neman kasuwa fa?

Sai kuma uba ya kiyaye bakinsa daga tambayoyin da ke kunyata mutane. Misali, kada ya tambayi malamin yadda jarrabawar take. Wani uban mai taurin kai yakan yi, ga kuma abin da ke biyo baya:

"Malam, wai tambaya nawa ce a Turancin nan?"

"Ai Alhaji, duk mun kama wannan. Kai dai ka turo, da na ga alat zan sa shi a aji."

Amsar da Alhaji bai samu ba ita ce 60. Darussa huɗu ake zaunawa, Turanci dole ne ga kowa, sauran ukun kowanne tambaya 40, jimilla 180, cikin awa 2, a kan maki 400. Wanda ya raba zai ga daƙiƙa 40 ce rabon kowace tambaya, har da karanta dogon labarin da ake tambaya a kansa, har da lissafin Fizis. A nan yawancin yara ke zubewa. Da yawansu sun san amsar, lokaci ne ke ƙare musu suna kan tambaya ta 120. Saboda haka mai son asara ya guji duk wata manhaja da ke ɗora wa yaro agogo a saman allo, ta jero masa tambayoyi, ta rufe da kanta in lokaci ya cika, sannan ta nuna masa inda ya faɗi da dalilin faɗuwar. Irin wannan takura ce. Takan sa yaro gumi, takan kuma tona wa uba asirin cewa ɗan da ake kira Dakta a gida 160 yake ci.

Abin da ya fi daɗi shi ne bidiyo zalla. Yaro ya kwanta rigingine a kan tabarma, ya toshe kunnuwa da abin sauraro, wayar na bisa fuskarsa, malam na can yana ta zuba bayani a kan allo. Uwa ta leƙo ta ga haske, ta koma tana sa albarka, ta ce wa ƙannen su yi shiru Yaya na karatu. Ba ta ga lokacin da babban yatsa ya ɗan zame ba, allon ya koma kan shirin Labarina ko ƙwallayen da aka ci daren jiya. Ko da bai zame ba, kallon malami yana warware lissafi yakan sa mutum ya ji kamar shi ma ya iya, har ranar da aka bar shi shi kaɗai da tambaya. Kamar mai kallon dambe ne daga bakin fage, duk naushin da ya kamata a kai ya san shi.

Akwai kuma maganar kwamfuta ita kanta. Tun 2015 JAMB ta yi ban kwana da takarda, kowa a gaban kwamfuta yake zaunawa a cibiyoyin CBT. Uba yakan ɗauka cewa tun da ɗansa ya fi shi iya waya, wannan ba matsala ba ce. Amma iya shafa waya daban, zama gaban kwamfutar tebur daban. Yaron da bai taɓa zama gabanta ba yakan miƙa yatsa ya dangwali allon yana jiran ya motsa, ya sake dangwala da ƙarfi, sannan ya ɗaga kai yana neman mai sa ido, minti biyar sun tafi. Alhali hukumar ta sauƙaƙa abin: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na zuwa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Wanda ya saba da su ko linzamin kwamfutar ba ya bukata. JAMB na shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske, ga wanda ya nuna yana so tun wurin rajista, da ɗan ƙarin kuɗi kaɗan. Malamin kirki zai matsa a yi ta. Malamin da ake nema a wannan jagorar zai ce ɓata kuɗi ne, a kawo masa.

Hanya mafi sauƙi ta gane ko kayan malam sun kwana ita ce littafin labarin da ake tambaya a kansa cikin Turanci. An yi zamanin Sweet Sixteen na Bolaji Abdullahi. A 2021 aka koma The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, a 2025 kuma aka ɗauko The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Malamin da har yanzu yake taƙaita wa yara littafin da aka sauke shekaru da suka wuce mutum ne mai riƙon amana, ba ya yar da tsohon aboki, kuma ya cancanci kuɗin mai son asara. Haka nan wanda ke sayar da silabus a matsayin sirri, alhali hukumar ta ajiye shi kyauta a shafinta na IBASS, tare da bayanin darussan da kowane fanni ke bukata. A can ne ake ganin cewa mai son likitanci Fizis, Kemistiri da Bayoloji zai haɗa da Turancinsa, mai son injiniyanci ba shi da mafita daga Lissafi, mai son aikin lauya kuma sai da Adabin Turanci. Kuskuren haɗa darussa yakan cinye wa yaro shekara guda ko da makinsa ya yi kyau. Hausa, Larabci da Addinin Musulunci su ma darussa ne da ake zaunawa a JAMB, sai dai ba kowace manhaja ce ke da su ba, don haka gara a biya tukuna, a gano daga baya.

Batun harshe ma abin dubawa ne. Wani malamin Turancinsa na gudu kamar ana korar sa, yaron da ya tashi a makarantar gwamnati yana ta gyaɗa kai bai kama komai ba. Wani kuma da Hausa yake bayani tiryan-tiryan, yaro ya fahimta sarai, ranar jarrabawa tambayar ta zo masa da Turancin da bai taɓa gani ba. Wanda ke warware abu da Hausa sannan ya tilasta a amsa da Turanci shi ne mai amfani, shi ya sa ba ya cikin lissafin nan.

Daga nan sai data da wuta. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. A watan Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa sun kwashe kwanaki a duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Wanda ya san wannan ya kamata ya zaɓi aji na kai tsaye a Zoom, da ƙarfe 8 na dare, wanda ba a adana shi. In sabis ya ɗauke a tsakiyar darasi, ko waya na can wurin mai caji a bakin titi, shi ke nan, darasin ranar ya tafi, kuɗinsa kuma ya zauna. Masu tsara abu da sanin ƙasar da suke ciki sun daɗe da gane haka. Kamfanin uLesson, wanda Sim Shagaya ya kafa a 2019, da katin memori ya fara raba darussansa don a kalla ba tare da data ba, kuma akwai manhajojin tsofaffin tambayoyi da ake saukewa sau ɗaya su ci gaba da aiki ko babu intanet.

Wajen biya, a biya na shekara gaba ɗaya, a asusun mutum mai suna daban da na makarantar, ba rasit. Kada a nemi gwajin mako guda kyauta, kada a ce za a biya wata-wata. Gaskiya ne Edukoya, kamfanin koyarwa ta intanet da ya tara dala miliyan 3.5 daga masu zuba jari a 2021, ya rufe a farkon 2025. Amma wannan kamfani ne mai ofis da ma'aikata. Malamin da duk dukiyarsa lambar waya ɗaya ce da hoton kwat, ina za shi?

Ƙololuwar asara kuwa tana wurin mai "expo" da mai ƙara maki. Shi wannan ba ya ma wahalar da kansa da koyarwa, yana da mutum a ciki. Zai turo tambayoyi da tsakar daren jarrabawa, duk da cewa kwanaki ake ɗauka ana yin ta, zama-zama a kowace rana, kuma na kusa da kai ma ba lalle tambayoyinku su zo ɗaya ba. In sakamako ya fito da rauni, zai ɗaga shi daga 170 zuwa 280, muddin an ba shi lambar rajista, lambar NIN da wani abin goro. Wani har layin wayar yaron yake karɓa, wanda da shi aka yi rajista, da shi kuma ake tura UTMERESULT zuwa 55019 ko 66019 a ga sakamako na gaskiya. Uba ya kawar da kai daga cewa ana dangwala yatsa kafin shiga ɗakin, cewa hukumar na riƙe sakamakon wanda ta zarga, da cewa dokar maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi ɗauri. Ya kuma manta abin da ya faru a watan Mayun 2025, lokacin da shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida da hawaye yana ba da haƙuri kan tangarɗar na'ura da ta shafi mutum 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Su ɗin ma, da laifin ba nasu ba ne, ba wanda ya zauna a ofis ya ƙara musu maki. Sake zama suka yi gaban kwamfuta.

In malam ya haɗa da alkawarin gurbin karatu, to an dace. Makin 150 da aka tsayar wa jami'o'i a 2025 ƙasan tsani ne kawai. Jami'ar Bayero, ta Ahmadu Bello da sauransu kowace na da nata ma'aunin, fannoni irin likitanci da lauya sun fi tsauri, ga tantancewar bayan JAMB, ga kiredit 5 na WAEC ko NECO har da Turanci da Lissafi, kuma tun 2017 ta tsarin CAPS na hukumar gurbi ke fitowa.

Akwai dai iyaye masu ɓata wasa. Ranar Asabar suke zaunar da yaro gaban tambayoyi 180, su saita agogo awa 2, su rubuta abin da ya ci kafin su biya kowa sisi. Sai su biya na wata guda, su sake gwadawa. In maki ya motsa su ƙara wata, in bai motsa ba su canza malami. Waɗannan ba a jin labarinsu, domin ba su da abin ba da labari. Mai bin wannan jagorar kuwa, ranar da sakamako ya fito zai kira malam sau uku ba a ɗauka ba, a na huɗu a ɗauka da sallama mai tsawo:

"Alhaji, ai abin rabo ne, yaron nan ya yi ƙoƙari. Af, mun buɗe rajistar baɗi, kuma tsofaffin ɗalibai akwai ragi."