Buɗe Ido a Legas

Duk wanda zai je Legas karon farko, tun a tasha 'yan'uwa ke yi masa huɗuba. Riƙe aljihunka. Kada ka ɗaga kai kana ƙirga benaye, za a gane baƙo ne kai. Kada ka tambayi kowa hanya. Wato ka je buɗe ido, amma ido a ƙasa.

Sai dai Legas akwai karamci. Ta san baƙo yana son kallo a tsanake, shi ya sa ta tanadi cunkoso. Ka hau gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, wadda Babangida ya buɗe a 1990. Motar danfo da ka shiga ta tsaya cak. Ga ruwa shimfiɗe, ga gidajen Makoko bisa turaku, ga masunta a kwalekwale suna wuce ku. Ba a ƙara maka ko kwabo a kuɗin mota ba, gumi ma kyauta.

Mai masaukinka kuwa ya shekara 20 yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Ka ce ya kai ka bakin teku. Ya dube ka da tausayi.

"Ɗan'uwa, ajiya ka yi a can?"