Agogon Da Ya Ƙi Motsi

Fijo 504 ɗin da nake hawa gadonta na yi. Mahaifinmu ya saye ta sabuwa dal, haɗin Kaduna, daga kamfanin PAN da ya fara harhaɗa Fijo a 1975, zamanin da ma'aikacin gwamnati ba ya amsa sunan babba sai an ga zaki a goshin motarsa. Ranar rabon gado yayyena suka ɗauki gona da shago, sannan suka dube ni suka ce, "Kai da ka yi boko, kai za ka iya da ita."

Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na jingine ta a ɗan filin da ke bakin lungunmu a Mandawari, don ko da mai na araha ba ta iya shiga lungun. Ta daɗe a nan, awaki na kwana a ƙarƙashinta, yara na zane a ƙurar gilashinta. Da na ɗan samu sarari na tashe ta, sai ta dawo da wani sabon hali. Za ta tashi lafiya lau, ta yi tafiya mai ɗan nisa, can sai ta fara shessheƙa, ta yi tari, ta mutu. Kuma ba ta mutuwa inda mutunci zai tsira. Sai a Ƙofar Nassarawa, ko tsakiyar cunkoson Ƙofar Mata, inda 'yan A Daidaita Sahu za su kewaye ni suna ta oda, wani ya leƙo ya ce, "Baba, a kai ta Gidan Makama mana, can ake ajiye kayan tarihi!"

Bakanikenmu dattijo ne, tun zamanin mahaifinmu yake taɓa motar. Maganinsa ɗaya: a jiƙa tsumma a ɗora kan famfon mai, a ɗan jira. A cewarsa zafin bazara ne ke tafasa fetur a cikin tiyo ya koma tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Idan hakan ya ƙi, sai yaronsa ya zuƙo mai da baki ya fesa a kafireta. Ni dai raina bai taɓa kwanciya da aikin da ake yi da tsumma da kumatu ba.

Ɗan yayana mai karatun injiniya ne ya kawo shawarar. Ya nuna mini bidiyo a waya, wani Bature na ɗaura wa motarsa agogon da ke auna ƙarfin turin mai. "Baffa, da wannan ba sauran canki-canka. Allura ce za ta gaya maka gaskiya."

Na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa. Mai shagon ya fito da agogo biyu, ƙarami wanda lambobinsa suka tsaya a 15, da wani babba mai ƙyalli da ya kai 100. Ya ce, "Alhaji, wace mota ce?" Na ce ya bar zancen mota, ya ba ni mai kyau. Wa zai ga ɗari ya ɗauki sha biyar? Na haɗa da mahaɗa mai baki uku, da kilif, da tiyo mai tsawo, domin na ƙudura cewa agogon a gaban sitiyari zai zauna, inda duk wanda na rage wa hanya zai gani.

Ranar Asabar da hantsi na ɗaga bonet. A cikin birni ba a ɗaga bonet a ɓoye. Kafin na gama nannaɗe hannun riga, mai shayi ya bar tukunyarsa, tela ya taso da tef a wuya, dattawan majalisa sun gyara zaman tabarma ta fuskanci motar. Na yanke tiyon da ya taso daga famfo zuwa kafireta, na cusa mahaɗar, na ɗaure kilif, na ja dogon tiyon ta wata kafa har cikin mota, na ɗaure agogon da waya. Na yi bismilla na murza makulli. Injin ya tashi. Allura ko gezau.

"Famfon ya mutu," in ji ɗan yayana.

Tela ya ce, "To in ba mai, da me injin ke aiki?"

Wani dattijo daga kan tabarma ya ce, "Da sabo."

Na koma kasuwa na sayo sabon famfo. Muka ɗaura, har na ɓare ɗan yatsa a jikin injin. Allura tana nan inda take, kamar mai karɓar bashi a zaure. Na ɗan ƙwanƙwasa gilashin, ta yi wata 'yar rawa da sai mai kyakkyawan zato zai kira ta motsi.

Washegari akwai ɗaurin aure a wajen Gwale. Na saka shaddata mai aiki wadda sai Sallah take fitowa, na ɗauki dattawa uku. Tun kafin mu yi nisa wanda ke gaba ya fara shinshine-shinshine. Ya ce, "Malam, wannan turaren naka daga ina?" Na duba ƙasa, ashe bakin agogon bai ɗauru ba, fetur na ɗiga ɗis-ɗis a cinyata, ya riga ya zana taswira a gaban rigar. Ana cikin haka motar ta yi tarinta ta mutu, daidai gaban mai tsire, wutarsa na ci bal-bal. Dattawan nan da kullum sai an kama musu hannu suke tashi daga tabarma, ban ga fitarsu ba, sai takalmi ɗaya da aka bari. Mai tsiren kuwa ya ɗaga wuƙa yana ihu, "Ku ture ta! Ku ture ta nan gaba!" Aka ɗaura aure ina can nesa da jama'a, inda liman da kansa ya nuna mini in tsaya.

Da na kai ta gareji, dattijon bakaniken ya daɗe yana kallon agogon kafin ya yi magana. Ya fara da tsinke dogon tiyon ya jefar. "Malam, ba a shigo da fetur ɗakin fasinja. In za a sa wannan, a cikin bonet yake zama." Sannan ya yi mini karatun da ban biya ba. Famfon 504 injin ne da kansa ke motsa shi, wata 'yar fata ce a ciki take bugawa, kuma aikinsa kawai ya cika ɗan kofin da ke cikin kafireta. Turinsa bai wuce 3 ko 4 ba a ma'aunin da masu faci ke auna iskar taya. In ya fi haka ma, sai ya rinjayi allurar da ke tsayar da mai, kafireta ta yi ambaliya. Motocin zamani masu injekta su ne ke neman wajen 40, shi ya sa famfonsu na lantarki ne. A agogon da ya kai 100, uku da ƙyar yake motsa allurar. Tsohon famfona, wanda na riga na kyautar wa yaran gwangwan, lafiyarsa ƙalau.

Ya jawo wani ƙaramin agogo daga akwatinsa, irin mai 15 ɗin nan, duk ya yi baƙi. Ashe yana da shi tun tuni. Muka zaga da motar har ta fara shessheƙa, ya duba, allura ta faɗo ƙasa. Maimakon tsumma, wannan karon sai ya zagaya baya ya buɗe murfin tanki. Muka ji "fuuu", tankin ya ja iska. Ya shiga ƙarƙashi, ya zaro siririn tiyon da iska ke bi ta shiga tanki, ya zura waya. Busasshen laka ya zubo. Zanzaro ne ya yi gini a ciki lokacin da motar ke jingine. Mai na fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har famfo ya kasa jawowa. Jiran da muke yi da tsumma shi ke ba iska damar sulalawa a hankali.

Na ce, "Ka gani, Baba? Ai agogo ne ya kama ɓarawon."

Ya ce, "Nawa, ba naka ba."

Babban agogon yana wajen mai facin bakin titinmu, ya ɗaura a tukunyar iskarsa, allura na harbawa har tana rawa. Kullum na wuce sai ya ɗaga mini hannu ya ce Allah ya saka da alheri. Kuɗin dai ya ce sai kasuwa ta buɗe.