Talaucin Haya a Zanzibar

A gabashin Zanzibar, wajen Paje da Jambiyani, akwai masaukan alfarma da ake biyan ɗaruruwan daloli a kwana ɗaya. Me ake saya? Ɗaki mai rufin ganyen kwakwa, gidan sauro, da fitilar ƙwai a bakin ƙofa. Wani ɗakin ko talabijin babu, kuma wai da gangan ne. Wato abin da kakanninmu suka yi ta roƙon Allah ya raba su da shi, shi attajiri ke hawa jirgi ya je ya kama haya.

Shi ma tekun ba ya zama wuri ɗaya. Ka shirya tsaf da gajeren wando da tawul a kafaɗa, ka fito ka tarar ruwa ya janye can nesa, sai matan ƙauye zaune cikin caɓi suna ɗaura ciyawar teku a igiya. Su sana'arsu suke yi, kai ne abin kallo.

Af, akwai dala 44 ta inshorar dole da aka ɗora wa baƙi tun Oktoban 2024. Wannan ba ta cikin kuɗin ɗaki.