Daren Juma'a a Wuse, Safiyar Asabar a Jabi

Abuja gari ne mai al'umma biyu da ake zaton ba su san juna ba. Ta farko tana fitowa ne bayan isha'i ranar Juma'a, ta cika titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola a Wuse 2, ta bazu a lambunan shaƙatawa da wurin gasasshen kifi na Barikin Abacha. Ta biyu kuwa sai da sassafen Asabar ake ganin ta, a bakin tafkin Jabi da harabar filin wasa na ƙasa, cikin gajeren wando da takalmin gudu, ana kiɗa ana tsalle, wani ƙato yana ƙirga masu ɗaya, biyu. Wanda ya ƙura ido zai tarar rabin fuskokin duk ɗaya ne, kaya kawai aka sauya. Kowannensu yana da yarjejeniyar da ya ƙulla da jikinsa, kuma ba a gayyaci jikin ba ranar da aka sa hannu. Hukuncin giya a addini dai malamai sun gama bayaninsa tun tuni, ba sa jiran taimakona. Ni ɗan kallo ne.

Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne Mai Biyan Bashi. A wurinsa jiki kantin unguwa ne, ka karɓi kaya da dare ka biya da safe. Jiya ya sha kwalba huɗu, saboda haka yau zai yi ta zagaya tafki har ya "fitar da ita ta gumi". Yakan saka rigar leda a ƙarƙashin rigar sanyi, a zafin watan Maris, don gumin ya yi sauri. Abin tausayin shi ne lissafin ba ya goyon bayansa. Babbar kwalbar nan ta santilita 60 tana ɗauke da tsantsar barasa kusan giram 24, kowane giram kuma kalori 7 ne, wato ya fi na sukari mai 4, ya kusa kamo na kitse mai 9. In aka haɗa da sauran abin da ke cikin kwalbar, ana maganar kalori wajen 250. Huɗu sun tashi 1,000 ke nan. Mutum mai nauyin kilo 80 yana ƙona kimanin kalori 80 a gudun kilomita guda, don haka bashin jiya na neman kilomita goma sha biyu da ɗoriya. Shi kuwa mutumin namu daga na uku ya dafa gwiwa yana kiran mai ruwan leda.

Zancen fitarwa ta gumi ma tatsuniya ce. Abin da ke fita ta gumi da numfashi da fitsari bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Sauran duk aikin hanta ne, ita kuma ba ta san gaggawa ba: kusan giram 8 zuwa 10 take sarrafawa a awa, ko kana gudu ko kana minshari. Abin da rigar leda ke yi kawai shi ne ta ƙwace ɗan ruwan da ya rage a jikin da giya ta riga ta tatse. In ka gaya masa haka sai ya ce, "Mutumina, ai ni na san jikina." Ya kuwa sani, shi ya sa ya haɗiyi farasitamol biyu kafin ya fito, ya ƙara wa hantar aiki a kan wanda ba ta gama ba.

A teburin daren Juma'a kuwa, can kusa da mai gasa nama, akwai Alhaji Ban Taɓa Ba. Wannan ya cancanci a daɗe a kansa, domin shi ne ya fi kowa samun barci da zuciya ɗaya, kuma shi ne tumbinsa ya fi na kowa. Bai taɓa kai giya bakinsa ba, kuma ba ya barin a manta da haka ko na minti goma. Zuwansa wurin "saboda harka" ne, akwai wani darakta da ba a samun sa sai a nan. Yana zama zai ce a kawo masa maltina mai sanyi guda biyu da madarar gwangwani, ya juye ya gauraya, ya ce ƙarin jini ne. Jinin da ba wanda ya ce ya ragu. Sai tsire, sai balangu mai kitse, sai farfesun kan rago, sai gasasshen kifi da soyayyen dankali "don kada a ce ban taɓa ba". A tsakani ana korawa da lemon kwalba. Robar Coca-Cola ta santilita 50 tana da sukari sama da giram 50, wanda shi ne kusan iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa baligi a yini cur, Alhaji kuwa ba ya tashi sai ya ga bayan uku. Gwamnati ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021, wai ko mutane za su rage. Alhaji bai ma ji labari ba.

Da misalin ƙarfe ɗaya zai dubi abokan zama da idon tausayi, ya girgiza kai, ya ce, "Allah ya shirye ku, kuna kashe kanku." Sannan ya miƙa hannu a taimaka masa ya tashi, saboda gwiwa. Ranar Asabar shi ma yana zuwa Jabi, amma a mota. Yakan sauke gilashi ya ɗaga wa masu gudu hannu, ya ce shaƙar iskar ma motsa jiki ce.

Akwai kuma Ɗan Ɓoye. Daga Kano ko Kaduna yake tasowa ranar Juma'a, wani lokaci a jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016, ya bar iyali da labarin taron bita. A garinsu yana cikin masu jinjina wa Hisbah, har ya tura wa mutane hoton ranar da ta farfasa kwalaben giya kusan miliyan 4 a Kano, a Fabrairun 2022. A Abuja kuwa tasa ba ta zuwa a kwalba. A kofin shayi ake kawo masa, ko a juye a gwangwanin lemo, kuma yaron da ke hidima ya san sunan da ake kiran ta. Aljihunsa ba ya rabuwa da kanumfari da turaren almiski. Wannan bai taɓa yin rajista a gidan motsa jiki ba, ba ya kuma bukata. Duk wanda ya ga yadda yake nutsewa ƙarƙashin tebur da ya hango hula mai kama da ta ɗan unguwarsu, ko yadda ya taɓa tsallake shingen furanni ba tare da babbar riga ta taɓa ganye ba, ya san akwai sauran ƙarfi a jikin.

Maƙwabcinsa a fannin yaudarar kai shi ne Mai Magani. Shi ba giya yake sha ba, Allah ya kiyaye, saiwoyi ne. Alomo ce daga Ghana, ko Orijin, ko wata 'yar kwalba mai hoton ganye, kuma tana maganin basir, ciwon baya, dattin ciki da sanyin ƙashi. Adadin barasar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwalbar, wanda a wasu ya ninka na giya sau biyar ko fiye, ya ce wannan don kada saiwar ta lalace ne. Ban taɓa ganin majinyacin da ke son maganinsa kamar wannan ba, ko wanda ciwonsa ke tashi daidai ƙarfe tara na daren Juma'a.

Sai Hajiyar Shisha. Ta daina cin shinkafa, ta daina burodi, shayinta ba sukari, da safe ruwan ɗumi da lemon tsami. Kayan motsa jikinta sun fi albashin wani tsada, kuma kala ɗaya ne tun daga ɗankwali har igiyar takalmi. Da dare sai ta zauna awa biyu tana zuƙar hayaƙi mai ƙamshin tuffa da na'ana'a. Hujjarta ita ce ruwan da ke gindin tukunyar yana tace dattin. Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, shi ya sa ake iya zuƙa da yawa ba tari. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa zaman shisha na awa guda na iya sa mutum ya shaƙi hayaƙin da yawansa ya ninka na karan sigari ɗaya sau 100 ko fiye, ga iskar guba ta gawayin da ke ci a sama. Gobe a kan injin gudu in numfashi ya ƙi, za ta ce na'urar sanyaya ɗakin ce ba ta aiki.

Na fi jin daɗin Mai Agogo, don shi aƙalla yana da shaida. Agogon hannunsa na ƙirga takunsa, bugun zuciyarsa, har da barcinsa, kuma ya rantse ba zai kwanta ba sai ya cika taku 10,000. Wannan adadi ba daga wani likita ya fito ba. Wani kamfanin Japan ne ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965 ya raɗa mata suna da adadin, talla ta yi aikinta, duniya ta ɗauka. Amma Mai Agogo ya riƙe shi kam-kam. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare in ya duba ya ga 6,000, sai ya miƙe ya shiga fili. Rawarsa ba ta bin kiɗa, hannun hagu kawai yake kaɗawa da ƙarfi don agogo ya ji. Da adadi ya cika zai tsaya cak a tsakiyar waƙa, ya ɗauki hoton agogon, ya koma ya yi odar wata don murna. Shafin da ke nuna cewa barcin awa uku ya yi jiya, wannan ba ya buɗe shi. Ya ce agogon na da matsala a ɓangaren nan.

Nan ne kuwa duk suka haɗu, mai sha da marar sha. Giya na iya sa mutum ya yi saurin ɓingirewa, amma tana lalata rabin barcin na biyu. Mai kora tsire da lemon ƙarin kuzari ƙarfe biyu na dare shi ma bai tsira ba, don rabin sinadarin kafeyin ɗin da ya sha na nan a jininsa bayan awa biyar. Tsoka kuma a barci take gyaruwa. Sun yi lissafin kalori, sun yi na taku, sun yi na kuɗin rajista, amma ba wanda ya rubuta awannin da aka sace wa matashin kai.

Ɗan Litinin ba sai an ɓata lokaci a kansa ba. Ya biya kuɗin shekara guda a gidan motsa jiki a Janairu, ya je sau biyu, na biyun don ya ɗauko tawul ɗin da ya manta. Kowace Juma'a ta bankwana ce. Ya ji labarin Turawan Ingila da suka ƙirƙiro barin giya na watan Janairu a 2013, ya ce ai mu mun riga su, muna da azumi. Gaskiya ne yana tsayawa cak kwana talatin. Sai dai yadda yake yi wa Sha'aban, da yadda yake tarbar daren sallah, ya nuna ba tuba ya yi ba, hutun rabin lokaci aka tafi.

Su kuwa Masu Gaskiya, Turawan mulkin mallaka ne suka bar mana su. A 1938 wasu jami'an Ingila a Kuala Lumpur suka kafa ƙungiyar gudu mai suna Hash House Harriers, da manufar kakkaɓe gajiyar shan ƙarshen mako, sannan a jawo sabon ƙishi a kashe shi da giya. Yau tana da rassa a manyan biranen duniya da dama, kuma su da bakinsu suke cewa su mashaya ne da ciwon gudu ya kama. A Faransa ma akwai gudun fanfalaƙi na Médoc, tun 1985, kilomita 42 cikin gonakin inabi, ana tsayawa a hanya ana kurɓar ruwan inabin. Likita ba zai sa masu albarka ba, musamman tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili a Janairun 2023 ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutarwa. Amma ko ba komai ba su ce saiwa ce ba, ba su kuma juye ta a kofin shayi ba.

Saura mutum ɗaya, kuma ba shi da farin jini ko kaɗan. Kwalba ɗaya yake yin oda, wani lokacin ma ruwa ne zalla, ya yi ta juya ta har ta huce. Yana cin nama tsinke uku ya goge hannu. Ana hira yana dariya, ba ya yi wa kowa wa'azi, abin da ya fi ba su haushi ke nan, don da yana wa'azi da sun san yadda za su yi da shi. Ƙarfe goma sha ɗaya zai laluba makullin mota. Nan take teburi zai ɗauka: "Haba Yallaɓai, yanzu fa aka fara!" "Ɗaya tak, don darajata." Ya ce gobe yana da sammako, ya tafi. In kuma aka yi sa'a aka riƙe shi, ya zama direban kowa, shi ne mai kai Ɗan Ɓoye masauki ta ƙofar baya, shi ne mai tuna wa Alhaji inda ya ajiye hularsa.

Da safe yakan yi tafiyarsa ta minti talatin a unguwa, kwana biyar a mako, wanda ya cika minti 150 ɗin da ake so, ba agogo, ba hoto, da wani tsohon takalmi da ba ya shiga taro. Tun da ba wanda ya taɓa ganin sa a Jabi, abokan ba su yarda yana motsa jiki ba. Sun zauna a kansa wani dare bayan ya tafi. Mai Magani ya ce gyambon ciki ne yake ɓoyewa, har ya yi tayin kawo masa saiwa. Mai Biyan Bashi ya ce rowa ce kawai. A ƙarshe Alhaji Ban Taɓa Ba ya ajiye ƙashin da yake tsotsa, ya yanke hukunci, kowa kuma ya gamsu: matarsa ce ta shanye shi.