Yadda Za Ka Tauna Taura Biyu: Ƙwallo da Karatun Lauya

Ƙanena, idan kai ɗan Gwantu ne, Allah ya hore maka ƙafa, kuma ga takardar gurbin karatun lauya a hannu, to ka shirya shan karin magana. Kawu zai ce taura biyu ba ta taunuwa. Gwaggo za ta ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Ka durƙusa ka gaishe su, ka karɓi kuɗin mota tukuna, sannan ka ba su labarin Adokiye Amiesimaka.

Wannan bawan Allah ya karanta lauya a Jami'ar Legas yana buga wa ƙungiyar ƙasa ta Green Eagles gefe. Yana cikin 'yan wasan da suka ɗauki kofin Afirka a 1980, ranar da Najeriya ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema a Surulere. Mai sharhin rediyo Ernest Okonkwo ya laƙaba masa Chief Justice tun yana zura gudu a fili, daga baya kuwa ya zama Antoni Janar na Jihar Ribas, yau ga filin wasa da sunansa a Fatakwal. Idan Kawu ya ce ai wannan mutumin Kudu ne, ka tuna masa cewa kai ma a Jihar Kaduna ɗan Kudu ne.

Sai zaɓen makaranta. Gwantu na kan hanyar Akwanga zuwa Jos, saboda haka Jami'ar Jos da ta Jihar Nasarawa a Keffi duk ba su yi maka nisa ba. Jos tana da sanyi da tudu, masu buɗe huhun ɗan wasa. Amma idan rabonka ya kai ka Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ka sani hanyar gida doguwa ce: ka bi ta Kafanchan, ka wuce Kachia, ka ratsa Kaduna. Kada ka ɓata wannan zama da barci. Ka buɗe littafin dokar kwangila a kan cinyarka. Kowane rami da mota ta faɗa, ka maimaita sunan shari'a ɗaya. Kafin ku isa Kachia ka gama zangon karatu.

Shekara 5 za ka yi kafin digiri, sannan shekara guda a Makarantar Lauyoyi, ko a Bwari ko a Bagauda ko inda aka jefa ka. Duk tsawon wannan lokaci baƙi da fari ne suturarka. Saboda haka jaka biyu za ka riƙe, kuma ina roƙonka da girman Allah kada su haɗu. Farar rigar da ta kwana da safar ƙwallo ba ta ƙara komawa fara, kuma abokin zamanka a aji zai iya shigar da kai ƙara kan cutar da maƙwabci, ya kuma yi nasara.

Abin da ya fi kayar da ɗan wasa ba jarrabawa ba ce, rajistar aji ce. Jami'o'i da yawa na neman halartar kashi 75 cikin 100 kafin a bar ɗalibi ya zauna jarrabawa, malamin dokar filaye kuwa bai san wani abu wai shi wasan kusa da na ƙarshe ba. Ka je ofishinsa tun makon farko, da takardar sashen wasanni a hannu, ba sai ranar da motar tafiya gasar jami'o'i ta NUGA ta tayar da inji ba. Ka gaishe shi da kyau, ka ce "Ranka ya daɗe", ka yi bayani a taƙaice. Kocinka ma haka: ka miƙa masa jadawalin jarrabawa kafin ya fitar da nasa. Mutanen nan biyu kowannensu yana ganin shi kaɗai ne ubanka, kuma kowanne yana da gaskiyarsa. Atisaye da asuba, aji da hantsi, laburare da dare. Hirar shayi da kallon gasar Ingila har tsakar dare su ne za su yi haƙuri.

Haddar shari'o'i kuma a ƙafa ake yinta. Kana zagaya fili, kana jero su. Ka fara da Donoghue da Stevenson ta 1932, wadda wata mata a Sikotland ta ce ta tarar da ruɓaɓɓiyar katantanwa cikin kwalbar lemon citta. Ɗan kudancin Kaduna da ya manta shari'ar da ta shafi citta ai ya ba mu kunya a gaban manoman Kachia da Kwoi. Sai dai ka kiyaye, iliminka ya tsaya bakin layi. Alƙalin wasa ba ya karɓar ɗaukaka ƙara, kuma idan ka tsaya kawo masa hujja da Latin, jan kati zai ba ka da Hausa. Idan ɗan baya ya taɗe ka, ka tashi ka kaɗe wando. Malaminka zai koya maka cewa wanda ya shiga fili da yardarsa ya amince da taɗiyar da wasa ya saba da ita.

Ga inda wahalarka za ta biya ka. Wata rana wani mai baƙin tabarau zai tare ka bayan wasa a filin Kafanchan, ya ce shi wakili ne, yana da ƙungiya a Turai, kuɗin biza kawai za ka kawo. Yaranmu da yawa an sayar da gonakin iyayensu kan irin wannan magana, wasu sun sa hannu a takardar da ba su karanta ba, wasu sun buga kaka guda cur ba albashi ba wurin kuka. Kai kuwa za ka ce ya zauna. Ka karanta takardar layi-layi, ka tambaye shi lasisinsa na FIFA, ka tambayi wa zai biya asibiti idan gwiwa ta goce, da wace kotu za a je idan an saɓa. Ka ɗan ambaci Jean-Marc Bosman, ɗan Beljiyam da hukuncin shari'arsa a 1995 ya ba 'yan wasa a Turai 'yancin tafiya idan kwangila ta ƙare, da kotun wasanni da ke Lausanne. Idan har lokacin bai tuna cewa ya bar mota a kunne ba, mai yiwuwa wakilin gaske ne.

Daga nan abokan wasanka za su fara kawo maka nasu takardun. Ka duba musu, ka nuna musu inda tarko yake, kada ka karɓi sisi, domin ba a kira ka lauya ba tukuna. Abin da kawai za ka nema shi ne su riƙa ba ka fasin idan kana gaban raga.